Isiya ko Cikakken Raƙumi? Tambayoyi da Amsoshi kan Keken da Aka Raɗa wa ECR

A tsakiyar shekarar 2013 wani kamfanin kekuna na Amurka mai suna Surly ya nuna wa dillalansa sabon keken da zai shigo kasuwa. Kowa ya kasa kunne ya ji sunan, don an san gidan da raɗin suna irin na neman magana. Sai ga haruffa uku manne a jikin ƙarfe: ECR. Ba fassara, ba ƙarin bayani. Tun keken bai iso shago ba mahaya suka duƙufa canke-canke, kuma har yau da aka daina ƙera shi cankar ba ta mutu ba. Ga tambayoyin da suka fi yawo a kan lamarin, da amsoshin da suka dace, har da waɗanda ba su dace ba.

Su wane ne Surly ɗin nan da za su sa manya ciwon kai?

Kamfani ne da ke garin Bloomington, gefen birnin Minneapolis a jihar Minnesota. Ya soma a 1998, kuma reshe ne na wani babban dillalin kayan keke mai suna Quality Bicycle Products. A can ake zana kekunan, a Taiwan ake walda su.

Da abu biyu aka san su. Na farko riƙon ƙarfe. Lokacin da sauran kamfanoni suka koma alminiyam da zaren kabon don rage nauyi, su suka kafe a kan ƙarfen nan da ake kira 4130, wanda in ya tsage a hanya mai walda zai iya ɗinke maka shi ka ƙarasa gida. Na biyu kuma baki. Ita kalmar surly a Turanci mutum take nufi mai murtuke fuska, irin wanda za ka ce wa “ina kwana” ya dube ka kamar kai ka hana shi barcin. Gidan da ya zaɓa wa kansa wannan suna, kada ka sa ran zai raɗa wa ’ya’yansa Salihu da Nasiru. An ce Juma’ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Su kuwa har keke gare su mai suna Laraba, za mu iso kansa.

To wane irin suna suka saba raɗawa?

Akwai Karate Monkey, wato Birin Kareti, wanda yana cikin kekunan hawan dutse na farko-farko masu taya inci 29 da aka yi da yawa don kasuwa. Akwai Big Dummy, keken ɗaukar kaya mai dogon baya, wanda in za a yi masa adalci a Hausa sai a ce Ƙaton Gaɓo. Akwai Long Haul Trucker, Direban Tirela Mai Dogon Zango, keken da masu zaga duniya suka riƙe hannu biyu. Steamroller ita ce motar nan mai daɓe kwalta. Ogre da Troll dodanni ne na tatsuniyar Turawa. Moonlander kuwa Mai Sauka a Duniyar Wata. Bayan ECR ma ba su tuba ba, don a 2014 suka fito da Ice Cream Truck, Motar Askirim, keke mai taya kamar cinyar bijimi.

Duk haukan waɗannan sunaye, kowanne yana da kan da za ka kama. Ka ji Gaɓo ka san zai ɗauki kaya bai yi gardama ba. Ka ji tirela ka san ba gudu ake nema ba, isa ake nema. Shi ya sa haruffa ukun nan suka ɗaure wa mutane kai: mutumin da ya saba surutu, ran da ya yi shiru ai dole a tambaya ko lafiya.

Malam, a taƙaice dai, mene ne ma’anar ECR?

Kamfanin bai tsayar da ɗaya ba. Ya bar wa jama’a, su kuma suka karɓa da murna.

A tsakanin mahaya an fi yarda cewa haruffa biyun ƙarshe suna tsaye ne a madadin Camping Rig, wato abin hawan da aka shirya don kwana a daji. Wannan bai jawo gardama sosai ba, don ko makaho ya shafa keken zai ji wuraren ɗaure kaya. Rigimar duk a kan E take. Wasu suka ce Enduro, wani nau’in tseren dutse da ya cika bakin ’yan talla a wancan lokaci har ya gundure mutane. Wasu suka ce Epic, abin da za a daɗe ana ba da labarinsa. Wasu suka ce Extreme, abin da ya wuce gona da iri. Duka ukun kalmomi ne da masu tallan kayan wasa suka tsotse har suka zama ɓawo, kuma ni a ganina nan ne dariyar take: kamfanin da sana’arsa ita ce yi wa ’yan talla shaƙiyanci ya bar gurbi ɗaya a buɗe, kowa ya cusa kalmar tallan da ya fi ƙi.

Ko dai sun aro ne daga wani ECR da ake da shi?

In aro ne, to masu bin bashi suna da yawa. A majalisar Tarayyar Turai akwai gungun ’yan mazan jiya da aka kafa a 2009 da ake kira ECR. A jihar Tamil Nadu ta Indiya, titin da ya bi gaɓar teku daga birnin Chennai ya yi kudu ECR ake ce masa. A Durban ta Afirka ta Kudu akwai gidan rediyo mai waɗannan haruffa. Na’urar nan ta kan kanta da ke lissafa ciniki ta tofo rasit, ita ma haka masu sayar da ita ke taƙaita sunanta.

Wanda ya fi ba ni dariya na fasfon Indiya ne. A can in an buga wa fasfonka ECR, ma’anarsa sai hukuma ta tantance ka kafin ka fita neman aiki a wasu ƙasashe, ciki har da Saudiyya. Wato a Indiya haruffan suna cewa “dakata tukuna, ba ka fita,” a Minnesota kuma suna cewa “tattara ka bar gari.”

Da Bahaushe aka ba fassarar, me zai ce?

Nan fa aka zo wurin. Matsalar farko ita ce harafin E talaka ne a Hausa. Ka buɗe ƙamus ka gani, kafin ka gama hamma ka wuce shafinsa. Abin da ke ciki bai wuce e ta amsawa ba, sai baƙi irin su eka da edita da eriya da elemantare, sai kuma tsohuwar En’e, wadda ita ma haruffa biyu ne na Turanci kakanninmu suka tauna suka mai da su kalma. Saboda haka yawancin fassarorinmu dole su fara da amsa kira. Na zauna na yanka wa kowa tasa.

Ɗan kasuwar Kwari zai kalli keken sau ɗaya ya ce: E, Ciniki Riba. Bai tambayi ko ana hawa ba.

Maigidan da ya ji cewa kuɗinsa lokacin da ya fito ya kai wajen dala 2,000 zai ce: E, Ci Rance. Uwargida da ta ji labarin daga bayan labule ta gyara masa: E, Cefane Rabi. Ƙanensa da ya ɗauki waya ya buga lissafin da kuɗin gida ya rufe zancen: E, Cire Rai.

Wanda ya ara ya hau tudu da kaya cike, washegari ya kasa tsugunno, tasa ita ce: E, Cinya Rugu-rugu.

Manomi zai ce Eka Cikin Rairayi. Matashin da aka kai daji da shi ya ɗaga waya sama yana neman sabis zai ce Eriya Cikin Rami, kuma wannan tana da ƙamshin gaskiya, don inda aka yi keken ya je ba a kafa dogon ƙarfe ba.

Duk na ji su, amma tawa ita ce: E, Cikakken Raƙumi. A kanta na tsaya, kuma ina da hujja.

Raƙumi kuma? Ina haɗin keke da raƙumi?

Fara daga ƙafa. Abin da ya sa raƙumi ke tafiya a yashi jaki na nutsewa shi ne tafin ƙafarsa faffaɗa ne mai taushi, in ya taka sai ya baje. Tayar ECR faɗinta inci 3 ne. Ta tsohon Raleigh ko Phoenix da muka tashi muka gani inci ɗaya da rabi ce, ka ga an ninka ke nan. Amma sirrin ba a faɗin kaɗai yake ba, a iska yake. Siririyar taya sai an ɗura mata iska ta yi tauri kamar dutse, awo 50 ko 60 a ma’aunin mai faci, in ba haka ba da ka daki dutse rim zai ciji tif ya huda shi wuri biyu gefe da gefe. Mai inci 3 kuwa cikinta da faɗi, ana iya tafiya da ita a awo 12 zuwa 15 rim bai taɓa ƙasa ba. Lissafin mai sauƙi ne: nauyin bai canja ba, in ka sauke iska daga 60 zuwa 12, wurin da taya ke takawa ya ninka wajen sau biyar. Maimakon ta yanka ƙasa ta shige, sai ta kwanta a kai. Tafin raƙumi ke nan.

Sai kaya. Jikin keken cike yake da ramukan kusoshi: na kariyar gaba, na kariyar baya, na madigadi, na gorunan ruwa, har a ƙafafun fok ɗin gaba akwai wurin ɗaura ƙunshi. Wurin da tayar baya ke zama an yi shi yadda zai karɓi giya irin ta waje da aka saba, ko giya ɗaya tal, ko hob ɗin nan na Jamus mai suna Rohloff da ke ɓoye giya 14 a cikinsa, kuma da wurin jan ’yar tirela. Duk wanda ya taɓa ganin raƙumin ayarin gishirin Bilma an yi masa laftu hagu da dama, ya ga ECR a shirye.

Sai tafiya. Ba ya sauri. Shi kaɗai ba kaya yana kai wajen kilo 15, ninki biyu na keken tsere. A kan kwalta tayar tana gurnani, yaro da ƙaramin keke zai wuce ka yana waige. Amma in kwalta ta ƙare, yaron ya juya gida, kai yanzu ka fara.

Hujja ta ƙarshe hali ce. Wace dabba ce ta fi raƙumi murtuke fuska? A durƙusar da shi ya yi gunaguni, a ɗora masa kaya ya yi gunaguni, a sauke masa ma bai gode ba. In akwai dabbar da ta cancanci sunan kamfanin nan, shi ne.

Kada dai in cika baki: a kan jigawa mai zurfin yashi inci 3 ba ta isa ba, zai nutse ka sauka ka tura. Wannan fagen na yayyensa ne masu inci 4 da 5. Raƙumi ne, amma na burji da labi da gefen fadama.

Wai ina ake zuwa da irin wannan keke?

Hanyar da ta fi shahara wa masu wannan ɗabi’a ita ce Great Divide, wadda aka saba farawa daga Banff a Kanada a bi tsaunukan Rocky har Antelope Wells a kan iyakar Amurka da Meziko. Ta haura kilomita 4,000, kuma yawancinta ba kwalta. Mutum zai ɗaura tanti da bargo da ɗan risho ya kama hanya, inda dare ya yi masa nan ne gida. Fatake dai, sai dai su ba abin da suke kaiwa kasuwa.

An ce tayarsa inci 29 ce. Ashe ta fi ta keken kakanmu mai 28 girma?

Ranka ya daɗe, a nan za ka gane cewa ba haruffa kaɗai ke yaudara a duniyar keke ba, har lambobi. Rim ɗin da ake kira 29 tsayinsa daga baki zuwa baki milimita 622 ne, daidai da na keken tsere. Rim ɗin tsohon keke mai 28 da ɗaya da rabi kuwa milimita 635 ne. Wato 28 ta fi 29 girma. Dalili shi ne lambar ba rim take aunawa ba, kintace ne na tsayin ƙafar gaba ɗaya bayan an sa taya an hura. In taya ta yi kauri sai tsayin ya ƙaru. Ta ECR ma in ka sa tef ka auna ta haura inci 30, amma aka bar ta a 29 aka liƙa mata alamar tarawa a gefe, 29+, aka ce a je a haka.

Su wa suka haife shi?

Dodanni biyu. Ogre ya ba shi wuraren ɗaure kaya da haƙurin doguwar tafiya. Krampus, wanda ya fito a 2012 kuma shi ya buɗe wannan babi na 29+, ya ba shi ƙafafu.

Shi Krampus sunan wani dodo ne mai ƙaho da kofato da dogon harshe a al’adar mutanen tsaunukan Alps, musamman Ostiriya da kudancin Jamus. A daren 5 ga Disamba samari kan sa kayan dodon su fito titi da sarƙoƙi da ƙararrawa da tsumagiya, wai suna neman yaran da ba sa jin magana, yayin da waliyyinsu Nikolas ke raba wa masu ladabi kyauta. Kowace al’umma da abin da take tsorata yara da shi.

Keken Krampus na wasa ne da tsalle-tsalle a kan duwatsu. Da aka zo yin ECR sai aka sassauto da mazaunin feda ƙasa don keken ya zauna daram in an yi masa lodi. Ribar ke nan. Hasarar kuma, a hanya mai duwatsu feda kan daki ƙasa, musamman in mutum ya yi karambanin sa masa siririyar taya. Masu shi sun daɗe suna wannan ƙorafi.

Ka yi alkawarin Laraba.

Na yi. A 2005 Surly ta fitar da Pugsley, keke mai ƙatuwar taya ta kusan inci 4 na farko da aka yi da yawa har mutum zai shiga shago ya saya. Kafin nan sai dai masu ƙira na hannu, irin na Alaska, inda wasu ke haɗa rim biyu gefe da gefe don su bi ƙanƙara. Ba abin mamaki ba ne a ce daga Minnesota ya fito, jihar da a 1996 sanyi ya taɓa kaiwa digiri 51 ƙasa da sifiri a garin Tower, kuma har yau ake tseren mil 135 a tsakiyar hunturu daga International Falls. Pugsley sunan wani yaro ne ɓuleliya a cikin iyalin barkwancin nan na talabijin, Addams Family. Yaron yana da ’yar’uwa mai suna Wednesday. Shekara goma bayan Pugsley, a 2015, sai ga keke mai suna Wednesday.

Bature zai ga abin baƙo, a ce keke sunansa ranar mako. Mu da muke da Balarabe da Laraba da Talatu da Ɗanjuma da Asabe a kowane gida, wannan ne kaɗai sunan Surly da za mu ji mu ce madalla, Allah ya raya.

Su kaɗai ne ke wannan wasa?

Ina! Sai dai na wasu da taye a wuya suke yi. Kamfanin Trek ya raɗa wa keken tserensa Madone, sunan wani hawa ne kusa da garin Menton a kudancin Faransa. Da suka yi na biyu sai suka juya haruffan nan shida suka sami Domane. Da suka yi na uku suka sake girgiza su suka sami Émonda. Suna ɗaya aka yanka wa rago, ’ya’ya uku suka ci.

Salsa, wadda uwarsu ɗaya da Surly, tana da Mukluk, takalmin fata na mutanen ƙanƙara, da Cutthroat, wanda in ka fassara kai tsaye za ka ce Mayanki, alhali sunan wani kifi ne mai jan zane a maƙogwaro da ke kogunan tsaunukan da Great Divide ke ratsawa.

Me ya hana su sa suna mai hankali su huta?

Abu ɗaya, sunaye masu hankali duk an riga an yi musu rajista, kuma masu su ba sa wasa. A 2013, shekarar da ECR ya fito, kamfanin Specialized ya aika wa wani ƙaramin shagon keke a garin Cochrane na Kanada takardar lauya, wai ya cire kalmar Roubaix daga sunansa don su ke da keke mai wannan suna. Roubaix kuwa gari ne a arewacin Faransa da ake tseren keke zuwa cikinsa tun 1896. Mahaya suka yi ca a intanet, har sai da mai kamfanin, Mike Sinyard, ya taka da kansa ya je ya ba da haƙuri. Wanda ya raɗa wa kekensa Ƙaton Gaɓo ba shi da wannan fargaba, ba mai kai shi kotu yana cewa “ni ne asalin Gaɓon.”

Abu na biyu, talla ce ta kyauta. Keken da sunansa lamba ce sai an biya a yi maganarsa. Wanda sunansa kacici-kacici ne, mutane da kansu za su kwana suna musu. Ga shi shekaru sun shuɗe, ni da kai muna yi da Hausa, ba wanda ya ba mu ko sisi.

Mu ma ai ba a bar mu a baya ba wajen raɗa wa abin hawa suna, ko?

Mu ne ma malamai. Bambancin shi ne a can kamfani ke raɗawa, a nan kuwa kamfani ya yi ta rubuta abin da ya ga dama a jiki, tasha ce za ta yanke hukunci. Babur mai ƙafa uku ya shigo da sunan shirin gwamnati na yaƙi da talauci ya zama Keke NAPEP. A Kano ya ɗauki sunan shirin gyaran tarbiyya na zamanin Malam Ibrahim Shekarau ya zama A Daidaita Sahu, shirin ya tafi sunan ya zauna. A Legas ana ce masa Marwa, da sunan gwamnan soja Buba Marwa. Ga akori-kura, ga ƙurƙura, ga roba-roba, ga gingimari. Wane ofishin talla ne zai zauna ya haifi suna kamar akori-kura?

Cusa wa haruffa ma’anar da ba tasu ba ma mun iya. Kowa ya san fassarar da ’yan Najeriya suka yi wa NEPA, mai cewa kada ka sa ran wuta kullum, da wadda suka yi wa PHCN da ta gaje ta, mai cewa matsalar suna kawai ta canja.

To da ya shigo tasha, me za a kira shi?

Faɗi haruffan da Turanci sau uku da sauri: i-si-ar, i-si-ar, i-si-ar. Ka ji abin da ya fito? Isiya. Ba makawa. Kwana biyu zai yi a hannun masu faci ya zama Isiya, in tayar ta ƙi fita daga rim a ƙara masa inkiya mai kama da sunan, wadda ba sai na rubuta ba. Duk Isiyakun da ya karanta wannan ya yi haƙuri, ba ni na zaɓi haruffan ba.

Hajiya na tambaya, su kayan jikin keken ma haka sunayensu suke?

Hajiya, sun fi na keken muni. Tayar ECR sunanta Knard, wanda in aka karanta shi daga baya ya zama kalmar Turanci mai nufin “ya sha.” Rim ɗinsa mai faɗin milimita 50 sunansa Rabbit Hole, Ramin Zomo, kuma da gaske an huhhuda shi don rage nauyi. Na Pugsley Large Marge ne, kamar a ce Marka Ƙatuwa. Na Moonlander mai milimita 100 Clown Shoe ne, Takalmin Ɗan Kama. Suna da taya biyu, ta gaba Bud ta baya Lou, da tirela biyu, Bill da Ted, kamar ’yan biyun gida. Akwai kan keke mai suna Moloko, wato madara da Rashanci. A ƙarfen baya na kekunansu da yawa kuma akwai ’yar takarda mai cewa Fatties Fit Fine, ma’ana masu ƙiba ma suna da wuri. Taya suke nufi.

In na ci karo da shi a wurin masu kekunan gwanjo, in saya?

Tunda an daina ƙera shi, ta nan ɗin kaɗai zai zo, kuma da wuya. In Allah ya haɗa ku, fara duba ƙarfen ta ciki, don ƙarfe ne, kuma ƙasashen ƙanƙara gishiri suke watsawa a titi, tsatsa kan ci daga ciki fenti na murmushi a waje. Cire sandar sirdi ka haska fitila. Duba taya da kyau, don mai inci 3 ba a kowane shago take ba, kuma ka ji abin da ke faruwa da feda in aka sa siririya. Ƙananan firam na ƙarshe-ƙarshe da ƙafa 27.5 suka zo, kada ka sayi tayar 29 ka dawo kana zagin mai shago. Sannan ka tuna da ƙaya. Taya mai taushi da faɗi ba abin da take tsinta kamar ƙayar aduwa da tsidau, saboda haka ko dai ka nemi ruwan nan mai toshe huda da ake ɗurawa a taya marar tif, ko ka ƙulla zumunci da mai facin unguwarku tun kafin buƙata ta taso.

In mai sayarwa ya ga kana shafa haruffan ya tambaye ka ma’anarsu, kada ka ce masa raƙumi. Ce masa E, Cinya Rugu-rugu, ka ɗan ɗingisa, sannan ka taya.